Kujerar Mai Shari'a a Bakin Shagona

Jama'armu ta Manchester sai godiya, wajen saurin labari babu na biyunmu. Ranar Talata ina Sparkbrook ta Birmingham ina lodin kayan shago, kafin Dakta Hajara ta gama sanar da dangi rasuwar mahaifinta, guruf ɗinmu na waya ya riga ya faɗi ciwon da asibitin, har da kalmarsa ta ƙarshe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifin nata, Baba Mai Shari'a, alƙalin babbar kotu ne a gida, daga baya aka ɗora shi a kan hukumar tsaro da leƙen asiri. Da ya yi ritaya ya zo jinya wurin 'yarsa a Whalley Range.

Shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe ɗakin taronmu da sunan tsuke bakin aljihu, hira ta koma waya. Ana haka jami'an shige da fice suka kama wani ɗan uwanmu da bizarsa ta ƙare, daf da shagona a Rusholme. Aka ce ni na tona shi. Masu sayen daddawa da kuka suka ɗauke ƙafa, har na fara tunanin rufewa.

Manya suka je wurin Baba, wai tsohon mai leƙen asiri ya tabbatar musu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, ka gani ko ka ji?" Kowa ji ya yi. Ya ce, "Na yi shekaru ana kawo mini rahoton mutane. Da na sa hannu a kan duk abin da aka ji, da gidan yari bai ishe mu ba."

Ran Jumma'a bayan masallaci ya hau bas ya sauka Wilmslow Road, ya zo ƙofar shagona yana dogara sanda. Ya ce, "Ɗana, ba ni kujera." Na ce, "Baba, ai likita ya hana ka yaji." Ya ce, "Bai hana ni zama ba." Haka ya riƙa yi duk mako. Mai wucewa dole ya tsaya gaisuwa, wanda ya gaisa kuwa kunya ta shigo da shi ciki. Shagon yana nan har yau.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sassauta masa hisabi kamar yadda shi ma ya sassauta wa bayin Allah. Allah ya ba Dakta Hajara da ƙannenta haƙuri.

Jiya a guruf an fara faɗin yadda za a raba gādonsa. Masu faɗa, kun gani ko kun ji?