Ap Nado da Littafinsa a Filin Harbi

A ƙauyenmu da ke kwarin Haa babu wanda bai taɓa canza hanya saboda Ap Nado ba. Ba mugu ba ne, mai littafi ne kawai. Tun da 'yarsa ta tafi ƙasar waje neman aiki ta bar masa wani littafi na tunani a kan rayuwa da makomar Bhutan, muka shiga uku. A ƙirjin rigarsa yake ajiye shi, tare da ƙoƙon shayi da ƙunshin doma, irin goron da muke taunawa, har gefen shafukan ya rine ja. Da ka ga ya cusa hannu a ƙirji, to nemi abin yi.

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: mutum guda da zai saurara, ya ba shi amsa, ko da musu ne. Bai samu ba. Matarsa Aum Bidha ta ce littafin ya fi kowane magani sa barci. Ni kaina na sha ce masa saniyata ta ɓata, alhali tana ɗaure. Muna dariya, amma abin yana cin ransa, kuma mun sani.

Da gasar harbin kibiya ta sabuwar shekara ta matso, sai muka ga ranar amfaninsa ta zo. Kowa ya san a filin harbi ba a hana zolaya, ka tsaya kusa da abokin hamayya ka faɗa masa abin da zai sa hannunsa rawa. Mutanen ƙetaren kogi, abokan karawarmu, sun saba da zaginmu, ba ya ratsa su. Sai muka ce bari mu sakar musu Ap Nado. Ya yarda nan take, don a ganinsa ya samu masu sauraro da ba su da damar gudu.

Dabarar ta yi aiki. Maharbi zai ja baka, sai ya ji murya a bayan kunnensa tana tambaya ko ƙasa duwatsu ce ko mutane. Kibiyoyi suka yi ta faɗawa gonar dankali. Har la'asar muna gaba.

Saura gwaninsu, Ap Lhendup, dattijon da ba ya yawan magana, wanda 'ya'yansa duka suna ƙasar waje. Ap Nado ya san haka, kuma da gangan ya buɗe inda marubucin ke tambaya wa zai rage ya kira waɗannan duwatsu gida idan yara duk sun tafi. Ni ma na ji kunya, wannan ya wuce wasa.

Ap Lhendup ya sauke baka a hankali.

"Ap Nado, a nan marubucin naka bai yi daidai ba," in ji shi. "Buɗe gaba kaɗan, shi da kansa ya janye maganar."

"Ka karanta ke nan?"

"Nawa har bangon ya fita. Ai a garinmu ma gudu na suke yi."

Ya ɗaga baka, ya saki, kibiya ta kafe a tsakiyar allo. Da ita suka cinye mu.

Mutanen ƙetare suka jeru suna rawar nasara da waƙa kamar yadda aka saba. Muna cizon yatsa sai muka hango wani a tsakiyarsu yana ɗaga ƙafa fiye da kowa, littafi a hannu, hawaye a fuska. Namu ne. Shugaban ƙungiyarmu ya rantse ba zai sake gayyatarsa ba, Aum Bidha kuwa ta ce a ƙyale mata miji, rabon da ta ga haƙoransa tun ranar da suka raka 'yarsu filin jirgi.

Yanzu duk ranar kasuwa Ap Nado yana haye gada da sassafe zuwa wajen Ap Lhendup, ya dawo da yamma muryarsa a dushe saboda musu. Ya daina tare mu a hanya. Kwanaki da na roƙi aron littafin, sai ya ce in je in nemo saniyata tukuna.