Gayya Babu Ganga

Ina kan keken ɗinki a rumfata ta kasuwar Kankia aka kawo mini labarin. Wani mai sayar da kaji daga ƙauyenmu, can gefen Kaikai, ya tsaya a bakin rumfa yana ta kame-kame, har na ce masa in magana ce ya yi, in kuwa inuwa yake nema ya ƙara gaba, don ni ba ni da haƙurin mai jan zance. Sai ya ce abokina ya rasu. Kububuwa ce ta sare shi a gona ranar Juma'a da yamma. An yi ta maganin gida jini ya ƙi tsayawa, da aka ga abin ya fi ƙarfin gida aka ɗora shi a amalanke za a kawo shi asibiti, rai ya yi halinsa a hanya. Har an kai shi makwancinsa.

Tare muka tashi da shi, kaciyarmu ma rana ɗaya aka yi. Ni mai zafin kai ne tun ina yaro, shi kuwa sai ka gama tijararka ya tambaye ka ko ka ci abinci. A shekarun nan da kuɗin mai suka fara shigowa, samarin ƙauyenmu duk sun watse, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Legas wajen leburancin gini, su dawo da Sallah da rediyo a kafaɗa su kawo mini ɗinkin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Ni ma ai gudun hauya ne ya kai ni ga keke. Shi ya zauna. In na tsokane shi sai ya ce dole wani ya tsaya ya noma tuwon da za mu riƙa zuwa ci. Bara ya yi aure, kuma ya bar matarsa da ciki.

Na rufe rumfa na hau kekena na tafi. Na tarar da mahaifinsa zaune a ƙofar gida kan tabarma, mutane na zuwa suna tafiya. Na durƙusa na ce, “Baba, ya haƙuri?” Ya ce, “Da godiya.” Idonsa a bushe. Ni ne na kasa, na koma bayan rumbu na yi kukana kamar ƙaramin yaro.

Bayan sadakar bakwai, zan koma Kankia, sai na ratsa ta gayaunar abokina. A wajenmu ɗa yana yi wa ubansa aiki a gandu daga safe zuwa azahar, yamma da ranar Juma'a kuma nasa ne, ya yi noma a 'yar gonar da aka yanka masa. Abin da ya samu a nan shi ne na ɗakinsa. Abokina ya sha wahalar wannan gayauna. Da rani ya roƙi wani Bafillace amininsa ya zaunar da shanunsa a ciki, ƙasa ta sha taki. Gero ya tsiro baƙi ƙirin don lafiya. To amma takin da ya ciyar da gero shi ya ciyar da ciyawa. Harƙiya da kiri-kiri sun taso sun rufe shukar, sai ka sunkuya ka buɗa da hannu kafin ka ga geron, har ya fara yin ɗorawa-ɗorawa. Firi yake yi, noman farko ke nan kafin maimai, abin ya same shi, ko sulusi bai ci ba. Duk gudun noman da na yi, na san geron da bai samu firi a kan lokaci ba ya tafi. Wannan gero kuwa shi ne abincin mai takaba, shi ne kunun da za ta sha in ta sauka.

Na juya keke na koma wajen tsoho.

Na ce, “Baba, ciyawa na cin gayauna. A ba ni izini in kira gayya.”

Ya ce, “Ba a taɓa ta.”

“Don mi, Baba?”

“Gado ce. Ba a raba ba, kuma ba a rabawa sai yarinyar nan ta sauka an ga abin da Allah ya kawo. Dukiyar maraya ce. Ni ba ni sa hannu cikin dukiyar maraya, kuma ba ni bari wani shi sa.”

Na ce, “To kahin ta sauka ai ciyawa ta gama rabon.”

Ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zauna birni ya manta tarbiyya. Ya ce, “Tela, koma ga kekenka.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi ina huci, amma Kankia dai ban koma ba. Na nufi Kusada wajen wani malami da tsohon yake jin maganarsa. Na zayyana masa komai. Ya ce gaskiya ne ba a raba gado da ciki a tsaye, amma ba wanda ya ce a zuba ido dukiyar maraya ta lalace, kiyaye ta ma wajibi ne a kan kakansa. Na ce to ya zo ya faɗa masa da bakinsa. Ya yi murmushi ya ce, “Kana tsammani bai sani ba? A gabana ya yi karatu.”

Wannan maganar ta tsaya mini a rai duk hanya. In ya sani, me ya sa yake fakewa da gado?

Amsar a wajen uwar abokina na same ta. Gidan ba baƙona ba ne, tun ina tsirara nake shiga, don haka na yi sallama na wuce ciki. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Matar mamacin na ɗaki, ba ta fitowa. Na gaishe ta na ce, “Inna, Baba ya hana a yi firin gayauna.”

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, “Tun ran da abin ya hwaru bai bi ta hanyar ba. Gandu ma ta bayan gari yake zagayawa.”

Sai na gane. Abokina ɗan fari ne. A wajenmu iyaye suna kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in ya mutu ma ba a son a ga hawayensu. Duk tsawon rayuwarsa “yaron nan” suke ce masa. Tsohon nan ba ya iya cewa zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin gonar ba, ba ya iya cewa ba ya son hauyar wani ta shafe aikin ɗansa na ƙarshe. Sai ya kama maganar gado, don ita ce ba kunya a cikinta. Tausayinsa ya kama ni, fushina ya sauka. Amma tausayi ba zai kashe harƙiya ba.

Na ce, “Inna, Juma'a zan shiga gonar nan. In Baba ya tsine mini, na ɗauka.”

Ta ce, “Ni ban ce ka tahi ba.” Ta kakkaɓe rariya. “Amma in an tahi, akwai hura.”

Tara mutane ya fi wahalar da na zata. Majiya ƙarfi duk suna birni. Waɗanda suka rage, wasu suna tsoron tsoho, wasu suna tsoron abin da ke kwance cikin ciyawa, kuma ban ga laifinsu ba. Gida-gida na bi. Wanda ya ce bayansa na ciwo na tuna masa wanda ya yi masa huɗa bara. Wanda ya ce ba a shiga gonar mutum sai ya aiko da goro, na ce mai gonar yana kabari, in goro yake so ga shi a aljihuna. Na yi faɗa da mutane da dama a wannan mako, wasu har yau in mun haɗu sai sun tuna mini. Makaɗin gayya ya ce shi ba zai taɓa ganga ba gida na cikin makoki. Na ce ba ganga na zo nema ba, hauya yake da ita ko babu?

Ranar Juma'a da sassafe muka hallara a bakin gona. Taron ba na a zo a gani ba ne: dattawa masu furfura, makaɗi ba ganga, Bafillacen nan da ya baro shanunsa wajen ƙanensa, da ni tela da takalmin danko na aro da ya fi ƙafata. Muka fara bi da sanduna muna kaɗa ciyawa saboda maciji. Sannan muka jeru muka sunkuya.

Wanda bai taɓa yin gayya ba ganga ba, bai san nauyin hauya ba. Ganga ce ke ɗaukar mutum, makaɗi na kirari, samari na tsere a kan kunya, 'yan mata na guɗa. Mu kuwa sai ƙarar ƙarfe a ƙasa da nishin tsofaffi. Kafin hantsi hannuna ya yi bororo ya fashe. Makaɗin ya dube ni ya ce, “Tela, allura ta hi sauƙi ko?” Na ce ya bari in na gama zan ɗinke masa baki. Aka yi dariya kaɗan, ita ce ta farko tun rasuwar, muka ji kunya muka koma kan aiki.

Akwai kunya ɗaya a tsakiyar gona da muka tarar an nome rabinta, sauran rabin ciyawa. Inda ya tsaya ke nan. Sawun hauyarsa na nan, ruwan sama bai gama shafe shi ba. Duk wanda ya zo kanta sai ya tsallake ya kama ta gaba. Muka nome dama da hagu, a wannan ɓangaren ita kaɗai ta rage a tsaye da ciyawarta.

Da rana ta ɗaga sai ga fura a ƙwarya, matar Bafillacen ce ta ɗauko, ta dama ta da nonon shanunsu. Muna ƙarƙashin gawo muna sha, wani ya zungure ni. Tsoho ne ke tahowa, hannayensa a baya.  Dattawan nan da suka girme ni duk suka sunkuyar da kai, suka bar ni da shi. Na ajiye ludayi na miƙe na je na durƙusa a gabansa.

Ya ce, “Wa ya ba ka izini?”

Na ce, “Ba kowa, Baba.”

“Ban ce maka ba a taɓawa ba?”

“Ka ce. Ni na kira su, laihina ne ni ɗaya. Amma Baba, ko ka kore ni yau, gobe ina nan. Ba ni bari geron nan shi mutu ina da rai.”

 Na jira mari ko tsinuwa. Bai ko dube ni ba. Idonsa na kan gona, inda geron ya fito fili layi-layi, ciyawa kwance tana yaushi. Sai ya hango kunyar nan ta tsakiya. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, “Waccan hwa?”



Ya miƙo mini hannu. Na ɗauka tashe ni zai yi, ashe hauyata yake so. Na ba shi. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya taka har inda noman ɗansa ya tsaya, ya sunkuya ya ɗora daga nan. A hankali yake yi, yana buɗa ciyawa da yatsu yana tsame geron, yana jawo masa ƙasa a gindi. Kafaɗunsa suna girgiza. Dukanmu muka juya baya muka fuskanci ƙwaryar fura, don kada mu ga abin da bai so a gani. Bafillacen ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ni kuwa hawaye na zuba cikin ludayi ina sha da su.

Da ya kai ƙarshen kunyar ya miƙe, ya share fuska da bayan hannu kamar gumi ne, ya dawo inda muke. Ya duba aikin da na yi, ya taɓa wani gindin gero da ƙafa.

Ya ce, “Wa ya yi nan?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “Ka sare rabin geron tare da ciyawa. Ɗinkinka ma haka kake yi?”

Dattawa suka fashe da dariya, wannan karon ba wanda ya ji kunya. Ya zauna a cikinmu, aka miƙa masa ludayi ya sha furar gidansa, bai tambayi wanda ya aiko da ita ba. Muka ƙarasa sauran kafin a tafi masallaci, shi yana gaba muna biye.

Da muka fito bakin hanya na ɗauki kekena, hannuna ko kan keken ba ya iya riƙewa. Na je yi masa sallama. Ya mayar mini da hauyata, ya dubi gonar, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa ta gabas.

Ya ce, “Ɗana, in ruwan nan ya sauka, maimai ba ya wuce Juma'a ta sama. Kar ka sa in jira ka.”