Ranar da Mahmuda Ya Nome Filin Ƙwallo

A Birnin Tsaba, in aka fara zancen noma, ba a daɗewa sunan Mahmuda ke fitowa. Gajere ne ƙaƙƙarfa, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma abokin gabarsa ɗaya ne a duniya: ciyawa, wadda su a can suke kira haki. In zai tafi masallaci ya hango ta a gindin katangar wani, sai ya duƙa ya tuge tukuna, ko da an ta da iƙama. Matarsa Zainabu takan ce ciyawa ko tarinsa ta ji sai ta yi yaushi.

Da Zamfara ta zama jiha aka shiga gyaran makarantu, sai sakandaren da ke kusa da garinsu ta yi sa'a biyu. Aka gina mata ɗakin kimiyya mai famfuna da kwalabe, har da wani ƙwarangwal na roba da ya hana masu shara shiga su kaɗai. Aka kuma baje mata filin ƙwallo da katafila, aka kafa raga. Malamin wasanni, Mista Patrick, mutumin Filato ne da ya daɗe a Kaura Namoda har bakinsa ya kama "munka" da "sunka". Shi ya shiga gari yana tambayar wa ya fi kowa tsabtar gona, don a ba shi kula da fili. Kowa ya nuna masa gidan Mahmuda.

Abu ɗaya aka manta ba a gaya wa Mahmuda ba: ɗan kwangila ya watsa irin ciyawa a filin kafin ya tafi. Shi Patrick gani yake kowa ya san haka ake yi. Mahmuda kuwa tun tasowarsa a kan fako ya ga yara na buga ƙwallo, kuma bai taɓa jin mai hankali ya shuka haki da gangan ba.

Damina ta sauka ana hutun tsakiyar zango, Patrick ya tafi ganin gida. Wata safiya Mahmuda ya zo ya tarar da fili ya yi kore shar daga raga zuwa raga. Ya tafa hannu, ya saki salati.

"Inna lillahi! An ba ni amana, haki ya cinye ta!"

Bai yi wata-wata ba ya kira gayya. Zainabu ta dama fura, maza suka fito da hauya, aka jera kafaɗa da kafaɗa. Kai, an yi noma ran nan! Kafin la'asar fili ya koma tas, ko allura ta faɗi sai an gan ta. Har awakin maƙwabta suka samu rabonsu.

Ranar da Patrick ya dawo, Mahmuda ya tarye shi tun daga bakin ƙofa da babbar rigarsa ta Juma'a, ya jawo shi ya ga aiki. Patrick ya tsaya. Jakar hannunsa ta suɓuce.

"Baba Mahmuda, ina ciyawar?"

"Na yi maganinta, Malam. Ko ɗiyanta ban bari ba."

Patrick ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafe kai. Da ƙyar ya iya bayani. Saboda ciyawar nan aka ba makarantar gasar shiyya, wadda za ta buga da ƙungiyoyin Kaura da Shinkafi da Zurmi a ƙarshen damina. Masu dubawa za su zo kafin nan. In suka tarar da fako, Kaura za a mayar da gasar, kuma kowa zai san wanda ya jawo wa garin.

Kunya ta kama Mahmuda har abinci ya gagare shi. Washegari Patrick ya ce iri dai ba ya samuwa kusa, amma ana iya dasa ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo da ba ta jin hauya.

"Ƙiri-ƙiri?" in ji Mahmuda. "La'ananniyar da nika faɗa da ita tun ina da ƙuruciya? Ita zan dasa da hannuna?"

Ita ɗin ya dasa. Ya ɗaura wa jakinsa mangala yana bi gona-gona yana roƙon ciyawa. Gari kuwa ya samu abin yi. Wani ya ce, "Mahmuda, akwai mai kyau bayan rumbuna, nawa za ka saya?" Wani ya ce in ta nuna a sam masa dami. Ya haɗiye, ya ci gaba da duƙawa, layi-layi kamar dashen albasa. Da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, daga tankin ɗakin kimiyya ya riƙa jido da garwa, yana kau da kai in ya zo saitin tagar ƙwarangwal. Sannu a hankali sai ga shi yana sammako don ya ga inda ta yi sabon toho. Zainabu ta rantse ta ji shi yana yi mata magana.

Masu dubawa suka zo, suka taka, suka shafa, suka ce madalla. Gasa ta tabbata.

Ranar wasa gari ya ɗinke. Maza gefe guda, 'yan mata da hijabansu can wajen rumfa, 'yan wasa da wanduna har ƙasan gwiwa. Aka ba Mahmuda kujera kusa da shugaban makaranta, yana ta washe baki. Sai aka busa usur, ya ga takalman yaran, ƙasansu duk ƙusoshi. Taku na farko a ƙirjinsa ya ji shi. Wani ɗan Shinkafi ya zame ya ɗaye ciyawa kamar tabarma, Mahmuda ya miƙe zumbur.

"Kai ɗan nema! Ba ka da ido?"

Aka zaunar da shi ana dariya. Ya juya kujerarsa ya ba fili baya, kuma haka ya riƙa yi duk shekarun da ya yi a aikin nan.

Makarantarsu ce ta ɗauki kofi. Jama'a suka kwasa zuwa cikin gari da ihu, Patrick ya dawo neman Mahmuda don a yi hoto da shi. A bakin raga ya same shi durƙushe, babbar riga cikin taɓo, yana mayar da ɗayayyun saiwoyi ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa da tafin hannu.

"Sannu," yake ce musu. "Sannu. Ni na kawo ku nan."