Hagun Kaka Yana Ga Bango

Na hana ɗan ƙanena rabin fuskar kakanmu. Ya roƙa, ubansa ya zo ya roƙa, ban bayar ba.

Bari in faɗa maka da bakina, kada ka ji a wani wuri ka ce tsohon nan mugunta gare shi.

A unguwar Bukoki ta Yamai na tashi, gidan kakana na wajen uba. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, ya zo Yamai yana sayar da falankai a kasuwar Katako. Har yau in na wuce inda ake yanka itace, warin garin katako ya bugi hancina, rigarsa nake tunawa.

Tun yana ƙauye wuta ta kama ɗakinsu na kara, babana yana jinjiri a ciki. Kaka ya shiga ya ɗauko shi. Wutar ta ci masa gefen hagu na fuska. Daga ranar yake naɗa rawani ya sako jelarsa ta rufe wannan gefen, kuma duk inda zai zauna sai ya ba bango hagunsa.

Ba wanda ya taɓa kafa mana doka da baki, amma kowa a gidan ya san ta. Ta dama ake ajiye masa tuwo. Ta dama ake durƙusawa a gaishe shi. In baƙo ya nufi hagu, matarsa, wadda muke kira tsohuwa, takan jawo tabarma ta ce nan ya fi inuwa. A masallaci shi ne ƙarshen sahu, jikin bango. A kasuwa yakan jera falankai a hagunsa su fi shi tsayi. Lokacin zafi, sa'ad da kowa yake tuɓe riga yana fifita, shi yana nan da rawaninsa, gumi yana ɗiga ta haɓa.

Yana da aboki Bazabarme mai zanen manyan motoci da allunan masu aski. Wata rana mutumin ya ɗauki guntun falanki ya ce zai zana shi. Ina wurin, na kai abincin rana.

“Juyo ka dube ni mana, Bahaushe,” in ji mai zanen.

Kaka ya ce, “Abin da na ba ka shi za ka zana.”

Haka ya fito a allon: gefe guda, ido ɗaya, hanci, askar kumatunsa ta dama, farin rawani, bayansa shuɗin fenti irin na mota. Tsohuwa ta yi ta mita a kan shigo da hoto gida. Kaka ya rataye shi a zaure, ya ce mata in mala'iku sun ƙi shiga, ai ganin ta suka yi.

Sau ɗaya na ga hagunsa. Da damina ne, ruwa ya cika lungunan unguwa ya kayar da katangar makewayi. Na biyo kaza da gudu na zagaya bayan ɗaki, sai ga Kaka tsugune zai yi alwala, rawanin yana kan gwiwarsa. Ba zan faɗa maka abin da na gani ba.

Bai yi saurin rufewa ba. Ya dube ni.

“Kai, ɓarawon matata, ka gani?”

Na ce na gani.

“Ka ji tsoro?”

Na ce a'a.

“To ɗauki ka ajiye. Wannan ba na rabo ba ne. Zo ka zuba mini ruwa.”

Na zuba. Ba mu sake maganar ba har ya rasu. Waɗanda suka yi masa wanka duk sun bi shi lahira, tsohuwa ma haka. Babana kuwa, wanda Kaka ya ƙone dominsa, bai taɓa yarda ya duba ba.

Ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Karen mota na yi, hanyar arewa. Mota ta taɓa mutuwa da mu cikin rairayi, muka binne waɗanda muka binne, na dawo da ƙafa mai ja. Daga nan na kama gadi a wani gidan wasa nan unguwa, inda samari suke zama gaban ordinata, wato kwamfuta. A can na san wasan sarakunan da. Kai ne za ka kafa gari, ka noma, ka tara mayaƙa, ka ƙulla amana da sarkin maƙwabta ko ka ci shi da yaƙi.

A tsohon wasan, sarki zane ne shimfiɗaɗɗe a kusurwar gilashi, kamar allon mai aski. Ba ya motsi. Ya aiko maka da gaisuwa, fuskar nan ce. Ya aiko maka da yaƙi, ita ce dai. Ba ka san abin da yake cikinsa ba, shi ya sa na ga samari suna shakkar sa. Da sabon wasan ya zo, sarakuna suka yi ƙeya da kumatu, suna ƙifta ido, suna yaƙe haƙora. Kana iya sa yatsa ka juya mutum ka ga bayan kunnensa. Samari suka yi ta ihu wai yanzu ne sarakuna suka rayu. Ni na ce wanda yaro zai juya da yatsa ba sarki ba ne, ɗan tsana ne. Suka yi dariya, na koma bakin ƙofa.

Ɗan ƙanena a wannan gidan wasan ya koyi abin. Ya yi karatu har jami'a, shi da abokansa suka fara gina nasu wasan, na sarakunan ƙasarmu. Na ji daɗi. Da Sallah ya zo ya ɗauki hoton allon Kaka da wayarsa, na bar shi.

Bayan an yi girbi, ya dawo da ordinata a hammata, bakinsa har kunne.

“Baba, zauna ka ga wanda na tayar.”

Ya buɗe. Sai ga Kaka yana numfashi. Ya sa yatsa ya juya shi, hagun ya fito fili, sumul, da ido, da aska, kamar an tsaga damar an manna.

Na ce, “Rufe.”

“Baba, ai na'ura ce ta kwafi damar ta cike...”

“Na ce rufe. Wannan ba kakana ba ne.”

Ya rufe. Sannan ya matso.

“To faɗa mini yadda yake, in gyara. Babana ya ce kai kaɗai ka taɓa gani. Tabon wuta a fuskar jarumi, wallahi Baba, masu wasa za su so shi fiye da kowa.”

Na ce, “Mutumin da ya sha zafin Yamai cikin rawani don kada maƙwabcinsa ya gani, shi za ka ba ƴan duniya su juya da yatsa suna cin gyaɗa?”

“In ka mutu fa? Shi ke nan ya ɓata.”

“Ya ɓata ɗin. Abin da mai shi yake so ke nan.”

Washegari ubansa ya zo. Ya ce, “Yaya, masu son tallafa wa yaran nan kawuna masu motsi suke so, sun ce zanen allo tsohon yayi ne. Kada ka toshe wa yaro hanya saboda wanda ya daɗe a ƙasa.” Na ce masa ba don wanda ya daɗe a ƙasan ba, da ni da shi da yaron babu ko ɗaya. Fuskoki sun cika Yamai, su je kasuwar Piti Marshe su zaɓi wadda suke so su juya. In Kaka suke so, ga allo nan yadda ya ba da kansa. Su sa shi haka, ko su bar shi.

Yaron ya daina zuwa gaishe ni. Na ji zafin abin, don a hannuna ya koyi tafiya. Ban aika masa ba.

Sai da azumi ya kusa ya shigo, ya durƙusa, ya buɗe ordinatar. Sarakuna suna ta jujjuya kai suna ƙifce-ƙifce. A cikinsu ga guda ɗaya shimfiɗe, shuɗin fenti a bayansa, har da tsagar falankin. Ya sa yatsa ya ja, bai juya ba.

Ya ce, “Wani mai tallafin ya janye, Baba. Waɗanda suka gwada wasan kuma suna ƙorafi, wai wannan sarkin ba ya juyowa ya dubi mutum.”

Na ce, “Haka yake da ransa.”

Ban tambaye shi ko ya huce ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ci tuwo ya tafi.

Gidan wasan ya rufe, kowa ya koma wayarsa. Ni ina nan Bukoki, a zauren da na tashi, da ƙafata mai ja. Allon yana rataye a ƙusarsa, hagun Kaka yana ga bango.