Talatocin da Na Raka Anti Chow Kit

Shekararmu ta biyu a Kuala Lumpur muka koma wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, don ya fi kusa da jami'ar da maigidana yake digirinsa na uku. Yakan fita tun safe, yara su tafi makaranta, ni kuma in wuni daga ni sai fanka. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa 'yar asalin Sin, haifaffiyar garin. Ta haura tamanin, gwiwoyinta a kumbure. Anti nake ce mata, kamar kowa a benen. Turancinta guntu-guntu ne, Malay ɗina ma haka, amma muna gane juna.

Duk Talata nakan je kasuwar Chow Kit sayen kifi da kuɓewa da attarugu. Wata ranar Talata Anti ta tare ni a bakin lifta, riƙe da kwanon abinci a leda.

"Kasuwa za ki? In bi ki, boleh?"

Na ce mata boleh, wato ba damuwa da Malay, na karɓi ledar. Ta ce, "Babu alade a ciki, kada ki damu. Faten shinkafa ne da kifi."

Da muka sauka daga bas ba ta nufi rumfuna ba. Ta kama hannuna ta ja ni wani lungu a bayan shaguna, inda kwata take gudu a buɗe. Mutane biyar ko shida suna zaune a kan kwalaye, wasu kansu a sunkuye kamar masu gyangyaɗi, ga rana tsaka. Ta tsaya gaban wani mai furfura, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje, ƙaurinsa cike da gyambo. Kusa da ƙafarsa akwai sirinji da cokali wanda wuta ta baƙanta.

"Ɗana ne," in ji ta.

Bai ɗago ya dube ni ba. Ta buɗe kwanon ta riƙe masa, ya ci kamar cokali huɗu ya ture. Ta yi masa faɗa da yarensu, ta ciro tsumma ta goge masa baki. Ni dai ina tsaye, na rufe hanci da gefen hijabi, kunya da tsoro sun hana ni motsi.

A bas, muna komowa, ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ubanta jan amalanken ɗaukar mutane yake yi a garin nan zamanin Turawa. Ofiyam yake sha, wanda su suke ce wa candu: wani baƙin danƙo da ake tatsa daga ƙwallon wani fure, a ɗora a bakin dogon bututu a zuƙa. Gwamnati ce take sayarwa a shagonta, har kati ake ba masu sha. Yakan ce shi ne kawai yake kashe masa zogin ƙafa. Tana yarinya takan zauna a bakin tabarma tana kallonsa yana kwance a gefe guda, ɗakin yana wani ƙamshi kamar an ƙona sukari. Da aka haramta, sai ya koma saye a ɓoye. Ya rame, ya daina jan amalanke, ya mutu kafin ta yi aure.

Ɗan nata kuwa direban babbar mota ne, har da mata da 'ya. Hatsari ya yi, bayansa ya taɓu, wani abokin aiki ya ba shi abin da zai rage ciwo. Hiroyin ce, kuma daga wannan furen ake yin ta. Ya shiga gidan gyaran hali ya fito, ya shiga kurkuku ya fito, matar ta tafi da yarinyar.

"Na san warin tun ranar farko," ta ce. "Ba iri ɗaya ba ne, amma idon iri ɗaya ne. Idon babana na gani."

Talata bakwai na raka ta. Ban faɗa wa maigidana ba, sai wani ɗalibi ɗan Zariya ya hange ni ina fitowa daga lungun ya kai masa. Ranar maigidan nawa ya dawo da wuri, ya zaunar da ni.

"Kin san inda kike shiga kuwa? Baƙar fata, da leda a hannu, a wannan lungun? In aka kai samame wa zai tsaya jin faten shinkafa ne? A ƙasar nan rataya ake yi a kan abin nan. Ki tuna yara."

Na ce, "Malam, tsohuwa ce, ba ta da mai raka ta."

"Na sani. Allah ya ba ki lada. Amma ki bari."

Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Laifina shi ne ban iya gaya mata ba. Sai kawai na mayar da kasuwata Alhamis. Ranar Talata Anti ta zo ta ƙwanƙwasa, ina tsaye a bayan ƙofa da cokalin miya a hannu, na ƙi buɗewa har na ji takunta ya yi nisa. Sati uku tana zuwa lungun ita kaɗai. A na huɗu ta zame wajen sauka daga bas, ƙugunta ya karye.

Na same ta a asibiti, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin gadon. Ba ta tambaye ni ina na shige ba. Ta ce, "Ki je ki gaya masa na faɗi ne. Kada ya ɗauka na gaji da shi."

Na gaya wa maigidana. Ya ce in shirya Asabar da safe, tare za mu je. Muka shiga lungun yana gaba ina baya. Ga mutane nan a kan kwalaye, amma babu shi. Wata mai sayar da ruwan rake a bakin hanya ta gane ni. Ta ce kwana huɗu da suka wuce aka wayi gari bai tashi ba, mota ta zo aka ɗauke shi a lulluɓe.

Da na koma asibiti na tarar da 'yar Anti, wadda ta zo daga garin Ipoh. 'Yan sanda sun riga sun kira ta sun gaya mata rasuwar ɗan'uwanta. Ta tare ni a baranda ta roƙe ni kada in faɗa wa Anti, sai an yi mata aikin ƙugun tukuna. Na shiga. Anti ta ɗago kai ta ce, "Kin gan shi?"

Na ce, "Ban same shi ba, Anti."

Ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta juya fuskarta bango.

Bayan an sallame ta 'yar ta wuce da ita Ipoh kai tsaye. An zo an kwashe kayan gidan ranar da nake wanki, na leƙa na ga ana saukar da katifarta. Wata guda bayan haka wasu ɗalibai huɗu suka kama gidan. Na kira lambar da 'yar ta bar mini sau biyu, ba a ɗauka ba, kuma ban san ko an taɓa gaya wa Anti ba.