Hannun Kakana da Aka Tsayar

Shekarun baya, zamanin da kuɗin fetur suka fara ruɗa mutane, hannun kakana na dama rawa yake yi ba hutu. Akwai zoben azurfa a yatsansa, duk abin da ya dafa sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. Kakata kuwa makauniya ce. Da wannan ƙarar take sanin inda mijinta yake a cikin gida.

Kawuna, wanda motocinsa ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya samu buɗi, ya ce sai an kai tsoho ƙasar Turawa. Aka kai shi. Da ya dawo, ni na tarbo shi, ina ta yi masa tsiya irin ta jika, wai ya je neman baturiya. Bai yi dariya ba. Muryarsa ta shaƙe, ta koma ta wani mutum daban.

A mota ya ba ni labari. Idonsa biyu aka huda ƙoƙon kansa, aka zura siririyar waya, ana sakin lantarki kaɗan-kaɗan har aka dace da wurin da ke haddasa rawar, sannan aka ƙona wurin. Ya ce, "Ji na yi wani da ya daɗe zaune cikin hannuna ya tashi ya fita." Na saci kallon hannun a kan cinyarsa, shiru kamar na gawa. Ni da nake cika bakin ba na tsoro, tsigar jikina ta tashi.

Da muka shiga gida ya yi sallama, kakata ta laluba ta kama hannun. Ta daɗe riƙe da shi. Sai ta saki, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wa kuka kawo mani? Wanga ba Malam ba ne."

Muka yi rantsuwa, limami ya zo ya yi magana, ta ce ita dai ba ta zama da baƙon namiji. Ta daina cire mayafi a cikin gidanta. Kakana yakan zauna a ƙofar ɗakinta, yana buga zoben a kwano da gangan. Takan ce, "Ba haka yake yi ba." Wallahi har ni, wani lokacin in na dube shi sai na yi shakka.

Yanzu ina karantawa cewa likitoci na dasa na'urar da ake kunnawa da kashewa a jikin masu wannan ciwo. Ina yi musu murna, amma zuciyata takan koma wani hantsi, bayan damina ta zagayo, da ciwon ya sauka a hannunsa na hagu. Ban taɓa ganin wanda ya yi farin ciki da cuta kamarsa ba. Ya mayar da zoben can, ya dafa ƙyauren ɗakinta.

Kakata ta kasa kunne. Ta zame mayafin a hankali.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka daɗe bisa hanya."