Ruwan da Ke Barci a Cikin Dutse

Bara na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Damina ta yi mana gardama, gyaɗa ta ƙi, gwiwata ta dama ta kama ciwon da har yau bai sake ni ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne 'yata ta fari. Mijinta ya rasu a Karaye bayan gajeruwar jinya, ta gama takaba, ta dawo gidana a Ruwan Bago da 'ya'ya biyu. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Mata sai yabo suke yi, wai ga mai haƙuri, ga mai tawakkali. Ni kuwa ina kallonta tana bushewa kamar karan da aka bari a gona. Ka yi mata magana ta dube ka kamar bango take duba. Tsoron da nake ji shi ne kada mu wayi gari ta bi mijin, ko hankalinta ya tafi ya bar mana gangar jiki.

Ga shi kuma ba ni da bakin yi mata magana. 'Yar fari ce. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Haka na tarar, haka na yi. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. "Ke" nake cewa, ko in ce wa uwarta, "Gaya wa yarinyar nan." To mutumin da bai iya kiran sunanka ba, ta ina zai tambaye ka abin da ke cin ka?

A cikin wannan halin ne Iya ta riƙa faɗo mini a rai.

Iya kakata ce, uwar babana. Ɗakinta zagayayye ne na jinka, da gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu yi ta tururuwa zuwa can, kowa na neman gefen da ya fi ɗumi. Akwai ɗan murhu a tsakar ɗakin, kullum da wata tukunya a kai, ko ta tsimin ciwon baya ko ta ruwan alwalarta na asuba. Tana binne mana dankali a toka. Har yau in na ji ƙanshin dankalin da ya fara ƙonewa, sai in ji kamar wani zai ture ni ya ƙwace mini wuri.

Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika. Ina shigowa za ta ce, "Ga shi nan, hannu na dukan cinya. Wane irin miji ne wannan, ko guntun kara bai kawo mini ba?"

In ce, "To na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Zauna, malalaci, ba inda za ni."

Iya ba da baki kaɗai take tatsuniya ba, har da hannu take yi. Wani dare ta jawo ƙwaryar ruwa gabanta, ta jefa 'yar tsakuwa a ciki. Tsakuwa ta yi ƙasa. Ta ɗauko guntun icce wanda ya ninka tsakuwar sau da yawa, ta jefa, ya tsaya a sama yana lilo.

Ta ce, "Wa ya fi girma?"

Muka ce iccen.

"To me ya sa ƙaramin ya nutse, babban ya ƙi?"

Sai ta ce, "Ba girma ba ne, cushewa ce. Icce cikinsa ɗakuna ne, iska na kwana a ciki. Shi kuwa dutse ya cushe kansa, bai bar wa kowa wuri ba. Haka dai yake tsammani." Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya shimfiɗa mata tabarma."

Muka ce, "Ta shigo, mun share wuri."

Wai a zamanin da komai ke magana, Dutse yana kwance a ƙasan rafi saboda nauyinsa, yana alfahari ba abin da ya taɓa shiga cikinsa. Rani ya yi, rana ta fara shanye rafi, sai wani ɗan Ruwa ya tsorata ya zo wurinsa ya ce, "Baba Dutse, ka ba ni masauki." Dutse ya ce, "Ni ba ni da ƙofa." Ruwa ya ce, "Kana da su, ƙanana ne, ba ka san da su ba." Ya bi ta wasu 'yan kafofin da ko allura ba ta shiga, ya lallaɓa har tsakiya, ya kwanta ya yi barci. Dutse ya ji ɗan sanyi a cikinsa, amma bai gaya wa kowa ba, don kada a ce shi ma ana shigarsa.

Ana nan sai wata amarya, baƙuwa a garin, ta zo wanki. Ta ga dutse sumul yana ƙyalli, ta ce wannan ya dace da murhuna. Ta ɗauke shi ta kai gida, ta ɗora tukunya, ta hura wuta.

A nan Iya takan rage murya, har sai mun matso. Wuta ta lashi Dutse, zafi ya bi ta jikinsa a hankali har ya kai inda Ruwa yake barci. Ruwa ya farka ya ji yana kumbura. Ya ce, "Baba, buɗe mini, na fara girma." Dutse ya ce, "Ni dutse ne, ba na buɗewa." Zafi ya ƙaru. Ruwa ya ce, "Baba, ba da gangan nake yi ba, ɗakin ya yi mini kaɗan." Dutse ya ce, "Yi haƙuri." Ya ƙara matse kansa. Can Ruwa ya ce, "To ka yafe ni."

Iya ta tafa hannu da ƙarfi, tau! Dukkanmu muka zabura, ƙanwata ta faɗa kan dankali. Dutse ya tarwatse, tukunya ta kife, amarya ta kwana da yunwa, Ruwa kuwa ya tashi sama fari fat ya koma wurin hadari.

"Shi ya sa," in ji Iya, "ba a ɗauko dutsen murhu daga rafi. A tudu ake nemansa, wanda rana ta daɗe tana gasawa."

Ni ban yarda ba. Na ce, "Iya, ruwan da nake sha? Shi zai fasa dutse?"

Sai ta nuna tukunyar da ke kan murhu. Murfin yana ta rawa, yana ɗagawa yana komawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Maigida, duba da kyau. Hannun wa ke ɗaga murfin nan?"

Na duba. Ba hannu.

"Ruwan ludayi guda, in wuta ta tashe shi, duk randunan gidan nan ba za su ɗauke shi ba. Wannan ya sami murfi mai ɗagawa, shi ya sa yake fita da wasa. Ka ɗaure murfin ka gani." Ta ja mayafi ta ce, "Tatsuniya ta koma gidansu. Wanda bai yarda ba ya tambayi murhu."

Na daɗe a daren ina kallon wannan murfin. Abu ba ido, ba ƙafa, ba ƙashi, yana ɗaga abin da ya fi shi nauyi. Tsoro ya kama ni, amma irin tsoron da ba ka son ya sake ka. Ban yi boko mai nisa ba, aji uku na tsaya, ban san me littafi ya ce a kan wannan ba. Amma da na girma na ga wani direba a hanyar Rogo ya buɗe lagireton babbar mota, wato ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, da zafinsa. Ruwa ya yi tsiri sama ya wuce kan motar, mutane suka watse suna salati. Ni ina tsaye baki buɗe, ina cewa a raina, wallahi baƙon Dutse ne. Allah da girma yake. Ya ɓoye irin wannan ƙarfi a cikin abin da jariri ke wasa da shi a kwano.

To, in koma kan bara. Da kaka ta yi, yarinyar nan ta fara turara shinkafa, don ta sami abin da za ta sa hannu. Na yi murna, na ce ko aiki zai dawo mana da ita. Rabin ganga take amfani da shi, murhun uwarta kuwa ya yi masa kaɗan. Ba ta tambayi kowa ba, don ba ta tambayar kowa komai. Ta je rafi da kanta ta kwaso manyan duwatsu. A gidan mijinta murhun ƙarfe take girki da shi, Iya kuma ta rasu kafin a haife ta. Wanda ya kamata ya ba ta labarin ni ne, ni kuwa ba ma hira.

Na dawo daga gona dab da magariba na tarar da wuta tana ci ganga-ganga. Na ga duwatsun, baƙaƙe, sumul. Ɗaya yana wani siririn fito, kamar ɗan tsako a cikin ƙwai. Yarinyar nan tana tsugune dab da shi tana tura kara.

Na ce, "Ke!"

Ba ta motsa ba.

"Ke! Tashi daga nan!"

Ko gezau. Ga gwiwata ba ta gudu, ga tsakar gida da faɗi. Ban san sanda ya fito ba, ji kawai na yi ya fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Hafsatu!"

Ta miƙe zumbur. Ta juyo ta dube ni, duba na gaske, irin wanda ba ta yi wa kowa ba tun rasuwar. Ta tako zuwa wajena kamar mai son ta tabbatar daga bakina ya fito. Tana cikin takowa dutsen ya fashe. Ƙarar ta kai har masallaci. Wani ɓari ya wuce ta daidai inda kanta yake ɗazu, ya kafe a jikin katanga. Ganga ta karkace, tafasasshen ruwa ya malale wurin da ta tashi.

Ta dubi wurin, ta dube ni. Ta ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Sai ta zube ƙasa ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Tana kiran sunan mijinta, tana faɗin abubuwan da ba ta samu ta gaya masa ba. Uwarta ta fito da gudu tana cewa, "Yi haƙuri, yi shiru, maƙwabta na ji."

Na ce, "Bar ta. Su ji."

Na zauna a kan turmi kusa da ita har ta yi mai isarta. A daren ta ci tuwo, ta nemi ƙari.

Da ina yaro na ɗauka Iya maganar murhu kawai take yi, kuma maganar murhun gaskiya ce, ga ɓarin dutse nan a katangata, duk wanda ya ƙi yarda ya zo ya taɓa. Amma yanzu ina tunanin tsohuwar nan, wadda ta binne miji da 'ya'ya huɗu, ta san wani abu game da abin da mutum ke haɗiyewa ya ce ba komai. Mu nan dutse muke yabo. Ba mu tambayar me ya kwana a cikinsa. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka raine ni. Na dai ga ranar da ta kusa cin ran 'yata, na kuma ga cewa ba ita kaɗai ce ta ɗaure murfi a gidan ba.

Da gari ya waye na ari jakin maƙwabcina, na hau tudun da ke bayan gonarmu da gwiwar tawa a haka. Na zaɓo duwatsu uku busassu, masu kaushi, waɗanda rana ta gama da su tuntuni. Na kawo na kafa, na ɗora gangar na girgiza ta. Uwarta tana bakin ɗaki tana jiran in ce ta gaya wa yarinyar nan. Na yi gyaran murya, na ce, "Hafsatu, zo ki duba ko sun zauna. Ki taho da yaran, akwai labarin da zan ba ku."

Ta zo.